Yadda ake zuwa koyon hawan igiyar teku a Maroko kai kaɗai

Hawan igiyar teku wasa ne da mutum ke kwanciya a kan dogon allo, ya tuƙa da hannuwansa har igiyar ruwa ta ɗauke shi, sannan ya miƙe tsaye ta kawo shi gaɓa. A bidiyo abin kamar ba wuya. A cikin ruwa kuwa sai da malami, kuma hanya mafi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba ita ce ya tafi sansanin koyo: gida ɗaya da ake ba ka wurin kwana da abinci da allo da malami da motar da za ta riƙa kai ku bakin teku kullum. Kamar makarantar kwana ce ta mako ɗaya ko biyu, sai dai kai ka kai kanka.

Zan yi bayanin ne a kan Taghazout, ƙauyen masunta da ke kimanin kilomita 20 arewa da birnin Agadir a Maroko, da maƙwabciyarsa Tamraght, domin nan na fi sani, kuma nan ne ya fi dacewa da wanda zai tafi ba ɗan rakiya. Ƙasar Musulmi ce, ba ka da fargabar abinci, masallaci na kusa, sansanoni kuma sun yi yawa har kana da zaɓi.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6, da biza in ƙasarka na buƙata. Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kat, ka sa shi cikin fasfo ka manta da shi a can. Inshorar tafiya wadda ta ambaci wasannin ruwa a rubuce. Takardar shaidar kama wuri daga sansanin, da tikitin dawowa, duka a buge a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai. Katin banki mai aiki a waje, da tsabar kuɗi na yuro ko dala.

Na sawa: gajeren wando na ninƙaya mai kama jiki guda biyu, wanda ake sawa ƙarƙashin rigar roba mai hana sanyin ruwa, babban tawul ko doguwar riga mai faɗi ta canza kaya a bakin teku, silifa, rigar sanyi mai kauri da hula, saboda daren can da asubarsa akwai sanyi mai ratsa ƙashi, man kariya daga rana mai lamba 50, man shafawa irin Vaseline don wuya da hammata, filasta, maganin ciwon jiki, da ɗan hantsaki na cire ƙaya. Ɗan Najeriya ya zo da adafta, domin soket ɗin Maroko mai ramuka biyu ne zagayayyu irin na Faransa.

Allo da rigar roba da maɗaurin da ke haɗa ƙafa da allo kada ka saya. Sansanin ne ke bayarwa, kuma allon da za ka fara da shi ba shi za ka so ba bayan wata uku. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma ka bar shi a gida, kwastan na Maroko suna ƙwacewa a filin jirgi.

Mataki na 1: Ka iya ninƙaya tukuna

Wannan shi ne matakin da mutanenmu suka fi son tsallakewa, kuma shi ne wanda ba a tsallakewa. Za ka ji wasu sansanoni suna cewa ba sai ka ƙware ba, ai a ruwa mai kai ƙugu ake farawa. Gaskiya ne a nan ake farawa. Amma ƙasan teku ba shimfiɗaɗɗe ba ne, taku biyu sai ka ji ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, kuma maɗaurin da ke haɗa ka da allo yana iya tsinkewa. Allo ba rigar ceto ba ce.

Ma'aunin da nake ba mutum shi ne: ya iya ninƙayar mita 100 ba tsayawa, ya iya tsayuwa a ruwa mai zurfi na minti 3 zuwa 5 ba tare da ya riƙe komai ba, kuma ya iya nutsar da kansa ya saki numfashi ta hanci hankalinsa kwance. Na ukun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Igiya in ta kayar da kai, daƙiƙu kaɗan take riƙe ka a ƙasa, amma wanda bai saba ruwa ya rufe fuskarsa ba, a daƙiƙun nan yake shan ruwa ya firgita.

In ba ka kai wannan ma'aunin ba, ka ɗaga tafiyar wata biyu ko uku, ka nemi wurin ninƙaya na otal ko na filin wasa mai malami, ka riƙa zuwa sau biyu ko uku a mako. Wanda ya koyi iyo a kogi ko kududdufi yana yaro ya riga ya yi rabin aikin, saura ya gyara numfashi. A gida kuma ka riƙa motsa kafaɗu da baya: ka kwanta rubda ciki, ka ɗaga ƙirji da hannuwa, ka yi tsalle ka dire a tsugune. Sau goma da safe, sau goma da yamma. Kashi mafi yawa na wannan wasa tuƙi ne da hannu, tsayuwar ɗan lokaci ce.

Mataki na 2: Zaɓen lokaci

Manyan igiyoyi suna zuwa gaɓar Maroko daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da guguwar arewacin Atilantika ke turo ruwa. A watannin nan ne ƙwararru ke cika Anchor Point, sanannen wurin da ya fito da sunan Taghazout. Kai ba ruwanka da can. Ɗan koyo yana buƙatar ƙaramar igiya a kan yashi, kuma ana samunta kusan duk shekara. Ni dai na fi son Oktoba da Nuwamba, ko Afrilu da Mayu: ruwan bai yi tsananin sanyi ba, cunkoso da sauƙi. A tsakiyar hunturu ruwan yana sauka zuwa wajen digiri 16 ko 17, wanda ga ɗan Sakkwato ko Maraɗi ƙanƙara ce. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa Turawa sun cika ko'ina, farashi ya hau.

Ka duba kalandar azumi. Koyon nan da ƙishirwa da ruwan gishiri da ke shiga baki da hanci ba su jituwa da azumi, don haka ka sa tafiyar kafin Ramadan ko bayan salla. Agogon Maroko yana iya zama baya da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, musamman a Ramadan.

Kwana nawa? Mako ɗaya shi ne mafi ƙaranci. In aljihu da hutun aiki sun yarda, kwana 10 zuwa 14 sun fi, domin a mako ɗaya, ranar da ka fara gane abin ita ce ranar haɗa kaya.

Mataki na 3: Zaɓen sansani

Nan ne kuɗinka zai yi amfani ko ya tafi a banza. Hotunan Instagram duk iri ɗaya ne: saman bene, faɗuwar rana, faranti cike da 'ya'yan itace. Ba hoto ka je saya ba, koyarwa ka je saya. Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka rubuta musu ta WhatsApp ko imel ka yi waɗannan tambayoyi, kuma ka lura da yadda suke amsawa, domin wanda ya yi maka kwana uku bai amsa ba tun kuɗinka bai shiga hannunsa ba, ka san abin da zai biyo baya.

Ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya? In sun wuce 8, nemi wani wurin. Shida ko ƙasa da haka shi ne daidai. Malamin yana shiga ruwa tare da ɗalibai, ko a kan yashi yake tsayawa yana busa usur? Yana da takardar shaidar koyarwa da ta ceton rai? Da wane harshe ake koyarwa? Yawancinsu Ingilishi da Faransanci ne, ɗan Nijar da ɗan Najeriya duk sun samu, wanda ya yi makarantar Islamiyya ma Larabcinsa zai yi masa rana a kasuwa, ko da yake mutanen yankin Amazigawa ne, harshen gidansu Tashelhit.

Sai ka bambance abu biyu da ake sayarwa. Akwai tsarin darasi, akwai tsarin rakiya, inda kawai za a kai ka wurin da igiya ke da kyau a sake ka. Na biyun na waɗanda suka iya ne, kuma ya fi araha, shi ya sa 'yan koyo ke faɗawa cikinsa. Ka tabbatar an rubuta maka darasi, awa nawa a rana, kwana nawa a mako. Ka tambaya ko suna ɗaukar bidiyon ɗalibai su nuna musu kurakuransu da yamma. Wannan bidiyon yana gyara mutum fiye da ihun malami sau ɗari, domin kowa a ransa yana jin ya durƙusa sosai, sai ya ga kansa a tsaye ƙiƙam kamar an kafa shi.

Sannan zancen kwana. Ɗakin haɗaka ya fi araha, kuma ga wanda ya zo shi kaɗai nan ake saurin yin abokai, amma a wurare da yawa maza da mata ake haɗawa a ɗaki ɗaya. Kada ka ɗauka an raba, ka tambaya. Akwai masu ɗakin mata zalla, akwai ɗakin mutum ɗaya da ƙarin kuɗi. Ka kuma tambayi yanayin gidan da dare. Wasu gidajen na masu kiɗa ne har tsakar dare, wasu ƙarfe goma kowa ya kwanta. Tamraght ta fi Taghazout shiru, kuma ta fi kusa da wuraren 'yan koyo irin su Devil's Rock da Banana Point. Taghazout ta fi hada-hada da gidajen shayi a bakin ruwa.

A ƙarshe ka sa a lissafa maka abin da farashin ya ƙunsa: ɗauko ka daga filin jirgi, abinci sau nawa, allo da rigar roba har a ranar da babu darasi, da sharaɗin mayar da kuɗi in biza ba ta fito ba. Wannan na ƙarshen ka samu a rubuce. Kafin alƙalami kawai za ka biya, sauran sai ka isa ka ga gidan da idonka. In ana karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa zama, a fara da masu ƙorafi, a ga ko abu ɗaya suke ta maimaitawa.

Mataki na 4: Biza da jirgi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, ana nema ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Tun 2022 Maroko ta buɗe bizar intanet, wadda mai riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Birtaniya ko ta ƙasashen Turai na Shengen zai iya nema daga ɗakinsa. Mai fasfon Nijar yana cikin waɗanda aka ɗauke wa biza. Dokokin shiga ƙasa suna sauyawa, don haka ka tabbatar daga ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin jirgi, kuma ka fara neman da wata biyu a hannu.

Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai da Akara zuwa Kasabalanka, daga nan ka canza zuwa Agadir, tafiyar kusan awa ɗaya. Daga filin jirgin Al Massira zuwa Taghazout kusan awa ɗaya ce a mota. Mai son rage kuɗi yana iya hawa jirgin ƙasa daga Kasabalanka zuwa Marrakesh, sannan bas ɗin CTM ko Supratours zuwa Agadir, wajen awa 3 da rabi. Hanya ce mai kyau, amma tana cin yini guda, kuma ban ba wanda ya sauka cikin dare shawararta ba.

In biza ta ƙi, tafiyar ba ta mutu ba. Mai fasfon ECOWAS yana shiga Senegal da Ghana ba biza. A Dakar akwai sansanoni a tsibirin Ngor, ana koya wa sababbi a bakin tekun Yoff. A Ghana akwai Busua, yamma da Takoradi, ruwanta da ɗumi har ba a buƙatar rigar roba, kuma a Takoradi ba za ka rasa mai jin Hausa a zango ba. Abin da ke ƙasa game da koyon kansa yana aiki a can ma.

Mataki na 5: Ranar isa

A filin jirgi jami'in shige da fice zai tambaye ka inda za ka sauka, ka miƙa masa takardar sansanin. Akwai lambar da ake buga maka a fasfo tare da hatimi, ita masauki zai nema ya cike takardar 'yan sanda, kada ka yi mamaki in sun karɓi fasfon na 'yan mintuna.

Kafin ka fita ka yi abu biyu. Ka sayi layin waya, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, da fasfonka. Ka canza kuɗi kaɗan, domin dirhami ba a cika samunsa a wajen Maroko ba, kuma naira ko sefa ba za su canzu a can cikin sauƙi ba. Yuro ɗaya yana kaiwa dirhami 10 zuwa 11. Tasi da masu shayi da 'yan kasuwa tsaba suke karɓa. Ka riƙe rasit ɗin canjin.

Da ka isa, ka tura wa wani a gida sunan gidan da lambar mai gidan, ku yi alkawarin za ka riƙa turo saƙo kullum da yamma. Ka ajiye lambobin gaggawa: 19 'yan sanda a birni, 177 jandarmomi waɗanda su ke kula da ƙauyuka irin Taghazout, 15 motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Fasfo ya zauna a akwatin kulle, hotonsa a waya.

Daren farko kada ka shige ɗaki da waya. Ana cin abincin dare a tebur ɗaya, tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, ko kifi, ranar Juma'a kuma kuskus. Ka zauna cikin mutane ka tambayi na kusa da kai yadda ruwan ya kasance yau. Shi ke nan, hira ta ɓarke. Yawancin waɗanda ke teburin su ma su kaɗai suka zo.

Mataki na 6: Rigar roba da allo

Za a ba ka rigar roba mai kaurin milimita 3 a jiki da 2 a hannuwa, ko 4 da 3 in hunturu ne. Zif ɗin yawancinsu a baya yake, sababbi da yawa suna juya ta. Dole ta kama jiki tsam, domin aikinta shi ne ta riƙe ɗan siririn ruwa jikinka ya ɗumama shi. In ta yi maka yawa ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita. In kuma ta hana ka ɗaga hannu ko numfashi, a canza. Dabarar sawa: ka sa ƙafarka cikin leda, sai ta zame ta wuce. Ka shafa Vaseline a wuya da hammata tun kafin su goge, ba bayan sun yi ja ba. Man rana kuma a fuska da kunnuwa da bayan wuya da bayan hannu. Baƙar fata ma tana ƙonewa, ruwa yana mayar da hasken rana fuska, rana ta uku sai ka ga hanci yana saɓa.

'Yar'uwa mai son rufe jiki: rigar roba tana rufewa daga wuya zuwa idon sawu amma tana bin jiki. Ki zo da doguwar rigar ninƙaya mai sauƙi da za ki ɗora a kai, wadda ba ta wuce cinya ba, da hijabin wasanni mai kama kai ba fil ba allura. Mayafi mai faɗi ko zani ba sa shiga ruwa, suna naɗe ƙafa da maɗauri. Ki tambaya tun kafin ki zo ko suna da malama mace.

Allon farko na soso ne, dogo, ƙafa 8 ko 9. Kada ka nemi ƙarami don ka ga ƙwararru da shi. Babban allo yana kama igiya da wuri, ba ya rawa, in ya buge ka kuma da sauƙi. Maɗaurin yana zama a idon sawun ƙafar baya. Don gane wace ce ƙafar gabanka, ka tsaya ƙafa a haɗe wani ya ɗan tura ka ta baya, wadda ta fara fita ita ce.

Mataki na 7: Darasin kansa

Ana farawa a kan yashi. Ka kwanta a tsakiyar allo, yatsun ƙafa wajen wutsiyarsa, ƙafafu a haɗe, ƙirji a ɗage. A ruwa, hancin allon ya ɗan ɗago sama da ruwa kaɗan. Ka matsa gaba da yawa, hancin ya nutse ka wuntsila. Ka koma baya da yawa, allon ya riƙa jan ruwa igiya ta wuce ta bar ka.

Kwanakin farko a kumfa za ka yi, wato igiyar da ta riga ta fashe tana gangarowa fara fat. Ka shiga ruwa da allon a gefenka, hancinsa yana kallon teku. Kada ka taɓa sa shi a kwance tsakaninka da igiya, nan ake fasa hanci da haƙori. In ka kai ruwa iya ƙugu, ka juya allon ya kalli gaɓa, ka hau, ka fara tuƙi tun kumfar tana nesa, hannu ɗaya bayan ɗaya, kana zurfafawa. Za ka ji ta daki wutsiyar allon. Kada ka tashi nan take, ƙara tuƙi biyu ko uku har ka ji allon yana gudu da kansa.

Sai tashi. Tafin hannu biyu a shimfiɗe a kan allo daidai haƙarƙari, ka tura ƙirji sama, ka jawo ƙafar gaba ta sauka tsakanin hannuwanka, ta baya ta zauna a gicciye. Gwiwoyi a lanƙwashe, jiki a karkace, ido a kan gaɓa. Kurakuran kullum guda huɗu ne: riƙe gefen allo maimakon shimfiɗa hannu, kallon ƙafa, miƙewa tsaye gaba ɗaya, da hawa da gwiwa. Kallon ƙafa ya fi kayar da mutane, domin inda ido ya kalla nan jiki ke bi. Hawa da gwiwa kuwa yana da daɗi a ranar farko don yana sa ka tsaya da wuri, amma in ya zama jiki, cire shi sai an sha wuya. Mai nauyin jiki ko ciwon baya ya roƙi malami ya nuna masa tashi mai hawa uku: ƙafar baya tukuna, sannan ta gaba, sannan sakin hannu.

Faɗuwa ma koyonta ake yi. Ka faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, nesa da allo. Kada ka yi nutso da kai, kada ka diro da ƙafa a miƙe, ruwan ba zurfi. Kafin ka ɗago, ka rufe kai da hannuwa biyu, domin allon yana sama yana neman inda zai sauka. Kada ka naɗe maɗaurin a yatsa don jawo allo, igiya in ta fizge shi tana iya karya yatsan.

Mataki na 8: Ruwa mai ja, da dokar layi

Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa sai ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta hanya ɗaya da ƙarfi. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: ba igiya mai fashewa, ruwan ya fi duhu, sai dai in ka lura za ka ga kumfa da yashi suna tafiya ciki. Kullum kafin a shiga, ka ce wa malami ya nuna maka inda yake a ranar, domin yana sauya wuri da cikowa da janyewar teku, waɗanda ke faruwa sau biyu a yini. Ka kuma sa alama a gaɓa, wani gini ko laima, ka riƙa waiwaye. In ka ga ka yi nisa da ita, fito ka taka a yashi ka koma.

In ya ɗauke ka, kada ka sauka daga allo, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye. Ka tuƙa a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa zuwa inda igiyoyi ke fashewa, su za su dawo da kai. In ka gaji, ka zauna a kan allo ka ɗaga hannu ɗaya sama.

Wuraren duwatsu akwai wata halitta mai ƙayoyi baƙaƙe da ke maƙale a jikin dutse, in ka taka ta ƙayar tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Ka tsaya a yashi, in kuwa ta same ka, jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, cire na sama da hantsaki, na ciki a kai wa ma'aikacin lafiya.

Ranar da aka fitar da kai bayan kumfa, zuwa igiyar da ba ta fashe ba, doka ta fara aiki. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita. In ka ga wani ya riga ya tashi a kanta, janye. In kana komawa ciki, ka zagaya ta gefe, kada ka bi ta gaban mai tahowa. Kada ka jefar da allo don ka nutse in akwai mutum a bayanka. In ka yi kuskure, ɗaga hannu ka ba da haƙuri, magana ta ƙare. 'Yan garin sun girma a ruwan nan, sallama ɗaya kafin ka zauna kusa da su tana gyara abubuwa da yawa.

Mataki na 9: Tafiyar da makon

Rana ta uku jiki ke yin tawaye. Kafaɗu, haƙarƙari, wuya, har wuraren da ba ka san akwai tsoka ba. Yawancin sansanoni suna shiga ruwa da safe da kuma bayan abincin rana. Ba dole ka yi duka biyun kullum ba. Ka huta rabin yini a rana ta uku ko ta huɗu, za ka ga washegari ka fi kowa tashi. Gajiyayyen mutum ne ke jin ciwo. Ka sha ruwan gora sosai, sanyin teku yana ɓoye ƙishirwa. Da safe ka ci da kyau, akwai amlu, wani haɗin almon da man argan da zuma da ake dangwala da burodi, yana riƙe ciki.

Azahar takan same ku a bakin teku. Ka tafi da ƙaramar darduma da jallabiya a jaka, ka gaya wa malami tun ranar farko, ba wanda zai ga baƙon abu. Ranar Juma'a ka faɗa tun daren Alhamis don a san yadda za a dawo da kai da wuri, wasu malaman ma masallacin za su.

Ranar hutu, ko Paradise Valley a cikin duwatsu, ko kasuwar Souk El Had a Agadir, inda ake ciniki kamar yadda ka saba. In sansanin ya shirya zuwa Imsouane, wajen awa ɗaya da rabi arewa, kada ka bari ta wuce ka. Igiyar can doguwa ce mai tafiya a hankali, wanda ya fara tsayawa zai daɗe a kanta fiye da ko'ina a yankin.

Da dare, ka bi hanyar da ke da haske da mutane, ka yi cinikin tasi kafin ka shiga. Masu tallan wiwi suna tare baƙi a lungu. Haramun ce a dokar ƙasar, "la, shukran" ka wuce. Kuma duk yadda ka ji ka iya, kada ka ɗauki allo ka shiga ruwa kai kaɗai da asuba ko bayan magariba.

Mataki na 10: Kafin ka taho

Ka tambayi malaminka abu uku ka rubuta: tsawon allon da ya dace da kai yanzu, girman igiyar da za ka iya shiga, da kuskure ɗaya da za ka fara gyarawa. Ka karɓi bidiyoyinka. Ka ɗauraye rigar roba da ruwan daɗi ka mayar, ka ba malamai da masu girki ɗan ihsani a hannu. Dirhamin da ya rage ka canza shi a filin jirgi da rasit ɗin nan kafin ka wuce jami'an fasfo.

Abin da aka koya a mako ɗaya yana dusashewa in an bar shi shekara. A gida ka ci gaba da ninƙaya da tsallen tashi a kan tabarma. In hanya ta kai ka Legas, ana hawan igiya a Tarkwa Bay, da kwale-kwale ake zuwa daga cikin gari, akwai masu ba da hayar allo, kuma ruwan can ba ya buƙatar rigar roba.